Kalori Nawa Mai Rama Zai Ci Ya Ƙara Kumari Lafiya Lau?

Assalamu alaikum jama'a, na gode da kuka daure kuka zo. Yau maganarmu ta masu rama ce, don kullum laccar da ake yi ta rage ƙiba ce, amma akwai mutane da yawa da abin da ke damunsu akasin haka ne, kuma sai a rinƙa ce musu ai kai ka ji daɗi, alhali shi ya san yadda yake fama da kasala da jiri da yawan kwanciya ciwo. Wannan abin yana damuna wallahi.

To da farko waye ma mai ramar? Ba duk siriri ne ramamme ba. Akwai ma'aunin da ake ce wa BMI, za ka ɗauki nauyinka a kilo ka raba shi da tsayinka a mita sau biyu. Misali mai tsayin mita 1.70 da nauyin kilo 50, ka raba 50 da 1.70, abin da ya fito ka sake raba shi da 1.70, za ka ga 17.3. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum in ya yi ƙasa da 18.5 to nauyinsa ya gaza. Wannan bawan Allah da muka yi misali da shi kusan kilo 53 da rabi yake buƙata ya fita daga wancan layin, kun ga ba wani tsauni ba ne, kilo uku da rabi ne. Wannan lissafin na manya ne fa, yara da masu ciki nasu daban.

Yanzu tambayar da ta tara mu, kalori nawa, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki? Amsar da nake so ku tafi da ita ita ce babu lamba ɗaya da ta dace da kowa. Za ku ji ana cewa mace 2,000 namiji 2,500 a rana, e gaskiya ne amma wannan matsakaici ne kawai, ba naka ba ne kai. Naka shi ne abin da jikinka ke ƙonawa a rana, sai ka ɗora 300 zuwa 500 a kai. Shi kenan asalin maganar.

Bari mu yi lissafi tare. Akwai wani lissafi na wasu masu bincike, Mifflin da St Jeor, da ya fito a 1990 wanda masana abinci ke amfani da shi har yanzu, ka ninka kilonka sau 10, ka ninka tsayinka a santimita sau 6.25, ka haɗa su, sai ka cire shekarunka sau 5, in namiji ne ka ƙara 5, in mace ce ta cire 161. Mu ɗauki mace 'yar shekara 25, kilo 45, tsayi santimita 163. Abin da zai fito kusan 1,180 ne, wato abin da jikinta zai ƙona ko da kwance ta yini, numfashi da bugun zuciya da sauransu. In tana zirga-zirga daidai gwargwado sai a ninka da kamar 1.5, ya zama wajen 1,770. Da wannan za ta tsaya inda take, ba ƙari ba ragi. Ɗora 400 a kai, kun ga tana neman kusan 2,200 ke nan. Wani namijin mai aikin ƙarfi shi kuma sai ya haura 3,000 kafin ma'auni ya motsa.

Me ya sa 300 zuwa 500, me ya hana a ce dubu? Saboda kilo ɗaya na jiki yana cin kalori wajen 7,700, in kana ƙara 500 kullum a sati ka tara 3,500, kusan rabin kilo ke nan, kuma wannan saurin jiki yana iya ɗauka ya gina tsoka da shi. In ka zabga da yawa lokaci guda yawancinsa kitse zai zama, ya taru a ciki, ga kumburin ciki da tashin zuciya, sati biyu ka gaji ka watsar. Amma ku sani duk wannan lissafin ƙiyasi ne, alƙalin gaskiya shi ne sikeli. Ka hau sau ɗaya a sati, da safe kafin ka ci komai, sikeli ɗaya. In sati biyu uku sun wuce ba motsi ka ƙara 200.

Nan nake so in tsaya sosai. Kafin ka fara ƙirga kalori ka tambayi kanka, dama can haka nake ko ramewa nake yi? Wanda tun tasowarsa siriri ne kuma haka danginsa suke, yana da ƙarfinsa, wannan daban. Amma wanda yake zubewa ba tare da ya yi niyya ba, ya rasa kamar kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin wata 6 zuwa 12, don Allah asibiti zai fara zuwa. Ciwon suga yana ramarwa, tarin fuka yana ramarwa, haka cutar HIV, tsutsar ciki, ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayirod in tana aiki fiye da kima, ciwon daji, da damuwa mai tsanani da ke ɗauke wa mutum son abinci. Akwai ma masu tsoron abinci saboda suna ganin kansu da ƙiba alhali sun bushe, wannan ciwo ne na gaske, ba a magance shi da faɗa. In akwai ɗaya daga cikin waɗannan, cin abinci kaɗai kamar zuba ruwa ne a kwando.

Sannan wanda ya rame ƙwarai, a ce BMI ƙasa da 16, ko ya kwana goma ko fiye kusan ba ya cin komai, shi kada a cika masa ciki farat ɗaya. Sinadarin fosfet na jininsa zai iya faɗuwa ya taɓa zuciya, har a rasa rai. A hannun likita ake farfaɗo da irinsa, kaɗan-kaɗan.

To ina za a samo ƙarin 400 ɗin? Mai rama yawanci cikinsa ba ya ɗaukar da yawa, don haka kada ka ce sai ka ninka plet. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci da na furotin, wato sinadarin gina jiki, 4 ne kowanne. Cokali babba ɗaya na mai a abinci wajen 120, kofin madara mai kirim wajen 150, ƙwai ɗaya 70 zuwa 80, gyaɗa cikin tafin hannu wajen 170. Madara kofi ɗaya da gyaɗa da ƙwai ɗaya ka kusa 400 ba ka ma ji ba. Ka raba cinka sau biyar ko shida, kuma kada ka cika ciki da ruwa dab da cin abinci. Lemun kwalba da kayan zaƙi suna da kalori amma ba su da abin gina jiki. Furotin kuma ka nemi kamar giram 1.2 zuwa 1.6 a kowane kilo na nauyinka, ka haɗa da motsa jiki na ƙarfi sau biyu ko uku a sati, shi ne zai sa ƙarin ya tafi tsoka.

Na ga hannu a baya, Hajiya bismillah. Tana tambaya ne kan magungunan ƙara ƙiba da ake sha. Hajiya na gode, ki ja kunnen duk wadda kika sani tana sha. Da yawansu akwai deksametason a ciki, maganin kumburi ne mai ƙarfi. Abin da yake yi shi ne ya tara ruwa da kitse a fuska da ciki, fuska ta yi zagaye a zata lafiya ce, alhali tsokar hannu da ƙafa narkewa take yi, suga da hawan jini su tashi, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta sauka. Kuma wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, hakan ma haɗari ne, ta je wa likita da kwalin maganin a hannunta ya tsara mata yadda za ta rage a hankali. Akwai wata tambayar?