Dabbar Da Ke Nutso Kusan Kilomita Uku

...to, jama'a, abu uku zan faɗa a kan wannan ƙatuwar dabbar teku da ake kira wel mai tsinin baki. Na baya kuna ji na? Madalla.

Na farko, ba kifi ba ne. Da huhu yake numfashi, macen kuma nono take ba ɗanta. Nau'insa ya haura 20, duk a tsakiyar teku suke, can inda ruwa ya fi zurfi, nesa da gaɓa. Mai jirgi sai ya shekara yana ratsa wurin bai gan shi ba, domin mintuna kaɗan yake yi a sama, ya shaƙi iska ya koma. Akwai ma wani nau'i da gawarsa ta fito gaɓar Niyu Zilan a 2024, har yau ba a tabbatar an taɓa ganinsa da rai ba.

Nutson nan fa! Ku da kuke bakin kogin Haɗejiya kun san gwanin masunci in ya yi minti biyu a ƙasa, an fara salati a gaɓa. (dariya) To, a 2014 masana suka fitar da sakamakon na'urar da suka liƙa wa wasu daga cikinsu a tekun Kalifoniya: ɗaya ya nutse mita 2,992. Kusan kilomita uku, a tsaye, da numfashi ɗaya! Wani kuma, a gabashin Amurka, ya yi minti 222 bai fito ba. Yara, ku lissafa: awa uku da minti 42. Ku sake lissafawa, zan jira. Ikon Allah! Huhun nasa lotsewa yake yi saboda nauyin ruwa, iskar a jini da tsoka yake ajiye ta, zuciya ta rage bugu. Can ƙasa duhu ne ƙirin, sai ya riƙa fitar da ƙara, amsa-kuwwar ta nuna masa abinci, ya zuƙe shi ɗungurungum. Awa uku fa na ce!

Haƙori kuwa, a yawancinsu biyu ne kacal, na namiji ke fitowa, na faɗa ne. Wannan shi ne na... na nawa muke? To, na'am Baba, bismillah.

(Wani dattijo ya tambaya: mai irin wannan ƙarfi, me ke fito da gawarsa gaɓa?)

Allah ya ƙara girma, Baba. Wani lokaci hannun ɗan'adam na ciki. Jiragen yaƙi na da na'urar da ke sakin ƙara mai tsanani don lalubo jiragen ƙarƙashin ruwa. A 2002 aka yi atisaye kusa da tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya, wel 14 suka faɗo gaɓa, da aka duba gawarwakin aka tarar da kumfar iska a jijiyoyinsu. A 2004 Sifaniya ta hana amfani da na'urar a yankin, mutuwar taron dangin nan ta tsaya. Sai leda: a 2019 an ciro kilo 40 daga cikin guda ɗaya a Filifin. Baba, akwai ƙari?