Allonka 1920 ne, amma tagarka ba ta samun 1920

Ku ɗauka kun buɗe tagar wata manhaja a kwamfuta mai Windows, kuka duba ƙasanta. Maɓallin adanawa ya nutse ƙarƙashin allo, babu yadda za a danna shi. Ƙorafin da ke ta yawo ke nan tsakanin masu rubuta manhajar kwamfuta, kuma amsar da aka fi bayarwa ita ce wai allon ne ƙarami. To, allon da ake magana a kai fiksel 1920 a 1080 ne, fiksel kuwa su ne ƙananan ɗigon da ke haɗa hoton allo.

Ga inda ake ruɗewa, mu tsaya a nan sosai. Windows tana ɗaukar ɗigo 96 a kowane inci a matsayin kashi 100. Idan aka cusa fiksel 1920 cikin allo mai inci 14, rubutu yakan ƙanƙance har sai mutum ya kanne ido, don haka Windows kan ba da shawarar ƙara girma zuwa kashi 150, wato ɗigo 144. Yanzu ku raba. 1920 a raba da 1.5, an samu 1280. 1080 kuma ya koma 720. A cire sandar ƙasa ta Windows 11, mai tsayin 48, saura 672. Wannan shi ne ainihin filin da tagarka za ta zauna a ciki. Idan ka zana ta da tsayin 800 a kan babban allon ofis, a nan tana neman fiksel 1200 na gaske, allon kuwa 1080 kawai gare shi. Ga maɓallin da ya ɓace, can ƙasa.

Sai batun dishi-dishi. Manhajar da ba ta sanar da Windows komai ba, Windows za ta zana ta a 96 sannan ta miƙe ta kamar hoton da aka buɗe fiye da ƙima. Girma ya yi daidai, rubutu ya dusashe. Wadda ta ce ta san ma'aunin allon farko kawai, tana fitowa tas, har sai an ja ta zuwa allo na biyu mai wani ma'auni. Nan sai ta dusashe. Mafita ita ce PerMonitorV2, wato sanarwar cewa manhaja za ta bi ma'aunin kowane allo da kanta, wadda ta zo da Windows 10 sigar 1703 a 2017. Duk lokacin da taga ta tsallaka allo, manhaja na samun saƙon WM_DPICHANGED tare da sabon girman da ya dace.

Amma fa kada ka rubuta PerMonitorV2 a manifest, fayil ɗin da manhaja ke bayyana wa Windows kanta a ciki, ka tafi shan shayi. Ka faɗa wa Windows ne ta cire hannunta. Idan maɓallanka na da faɗi ƙayyadadde, rubutu zai kumbura, maɓalli ya tsaya yadda yake, kalma ta yanke a tsakiya. A ganina wannan ya fi dishi-dishin muni.

Sauran a gurguje. A WinForms, kayan aikin Microsoft na gina tagogin manhaja, saita AutoScaleMode zuwa Dpi, ka yi amfani da Anchor da Dock da TableLayoutPanel maimakon kafa kowane abu da lamba. Kunna AutoScroll. Wajen auna fili, nemi WorkingArea, ba Bounds ba, domin Bounds na haɗawa da sandar ƙasa. Masu amfani da WPF da Qt 6, wasu kayan gina tagogin manhaja, sun ɗan huta, an yi musu yawancin lissafin tun daga tushe.

Gwaji kuma, kada ka tsaya kan allonka. Samo tsohuwar laftof ta hannu mai 1366 a 768, irin wadda ta cika ofisoshi da shagunan buga takardu, ka sa ta a kashi 125. Filin zai koma kusan 1093 a 614, tun ba a cire sandar ƙasa ba. Buɗe kowace taga ɗaya bayan ɗaya, ka tabbatar maɓallan ƙasa suna bayyana.