Daga Holan zuwa Sakkwato: wa ya taɓa tsaga zuciyar ɗan'uwansa?

Assalamu alaikum, mutanen Sakkwato birnin Shehu, da duk wanda ke kallon wannan bidiyo. Ina magana da ku ne daga Amstadam ta ƙasar Holan, kuma yau na ɗauko tambayar da ta daɗe tana damun masana falsafa: ta yaya zan tabbatar cewa wanda ke gabana yana jin zafi da daɗi kamar yadda nake ji, alhali zuciyata kaɗai nake iya leƙawa?

A ƙasar nan Descartes, masanin falsafa ɗan Faransa, ya zauna kusan shekara 20, kuma a littafinsa na 1641 ya ce in ya leƙa ta taga ya ga masu wucewa, abin da idonsa ya gani huluna ne da riguna, waɗanda za a iya lulluɓe injina da su, hankalinsa ne ya yanke cewa mutane ne. A 1865 John Stuart Mill na Ingila ya kawo hujjar kwatance: jikin wancan irin nawa ne, yana kuka a inda nake kuka, saboda haka yana da zuciya irin tawa. Wannan hujja ba ta gamsar da ni ba, domin an gina hukuncin dukan mutane a kan misali guda, wato ni kaina, kuma babu uwar da ta taɓa yin wannan lissafi kafin ta ɗauki jaririnta mai kuka.

Mu kuma abin da muka gada daban ne. Lokacin da Usama bin Zaid ya kashe wanda ya furta kalmar shahada, ya ce tsoron takobi ne ya sa shi furtawa, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar mutumin ya duba. A kan wannan turba Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta rubutu yana raddi ga masu kafirta talakawa don ba su iya kafa hujjojin tauhidi irin na malamai ba, yana mai cewa hukuncin duniya a kan zahiri yake, abin da ke ɓoye kuwa na Allah ne.

Mutanen Holan sun shahara da faɗin abin da ke ransu kai tsaye, kuma wasu abokan aikina suna ganin rashin gaskiya ne mutum ya amsa da "lafiya lau" alhali yana cikin damuwa. Ban yarda da su ba. Idan na kira Inna a waya, ta tambayi aiki da sanyi da gajiya, na ce mata duk lafiya, ita kuma ta ce muryata ba ta yi mata daidai ba, babu wanda ya yaudari wani a tsakaninmu. Na rufe damuwata don kada in ɗora mata, ta gane abin da na rufe da dalilin rufewar, doguwar gaisuwar ce ta ba ta damar saurare.

Ba na musun cewa akwai yaudara. Mu mazauna ƙetare mun san labarin wanda ya yi shekaru yana aika kuɗi a gina masa gida a Mabera ko Arkilla, ya dawo ya tarar da fili ko tubali babu. Sai dai ko a nan, wanda aka cuta bai taɓa shakkar cewa macucin yana da hankali da zuciya ba, abin da ya kuskure masa shi ne niyyarsa. Shi ma macucin bai yi nasara ba sai da ya karanci kewar gida da kunyar tambaya da ke ran ɗan'uwansa, ya san ba zai iya buɗe baki ya nemi rasit a hannun wanda suka sha nono ɗaya ba.