Lafiyar ƙwaƙwalwa a gidan yari: daga ranar shiga zuwa ranar fita

Assalamu alaikum. Likitoci, ma'aikatan jinya, jami'an gidan yari da sauran mahalarta, barkanmu da war haka.

A 2002, masu bincike Seena Fazel da John Danesh suka tattara bincike 62 daga ƙasashe 12, wanda ya shafi fursunoni kusan 23,000, suka buga a mujallar likitoci ta Lancet. Abin da suka samu shi ne, kusan fursuna ɗaya cikin bakwai yana fama da taɓin hankali ko matsanancin ciwon damuwa. A ƙasashen Yamma ke nan, inda akwai likitoci. To ku ƙiyasta ɗakin da ke da mutum saba'in. Goma daga cikinsu marasa lafiya ne, kuma yawancinsu ba wanda ya taɓa duba su.

Aikin daga bakin ƙofa yake farawa. Ƙa'idojin Nelson Mandela na kula da fursunoni, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, sun ce likita ko ƙwararren ma'aikacin lafiya ya ga kowane fursuna da zarar an kawo shi. Ba sai da na'ura ba, tambaya ce. Ka taɓa kwanciya a asibitin ƙwaƙwalwa? Wane magani kake sha, yaushe ka sha na ƙarshe? Kana shan giya ko ƙwaya, nawa a rana? Ka taɓa yunƙurin kashe kanka, ko kana tunanin hakan yanzu? Wannan ta ƙarshen ma'aikata kan ji nauyinta, wai kada su sa masa tunanin. Ba ta sa wa. A yi ta kai tsaye, amma a keɓe, kada a yi ta a gaban layin mutane.

Tambayar giya kuwa rai take ceta. Wanda ya saba sha kullum, idan aka yanke masa a rana ɗaya, zai fara makyarkyata da gumi a ranar farko, yana iya faɗuwa kamar mai farfaɗiya, sannan a kwana na biyu zuwa na uku ya rikice, yana ganin abin da babu. Ganduroba ya ɗauka iskanci ne, ya kulle shi. Wannan hali yana kashewa. Maganinsa diazepam ne, mai kwantar da jiki, da ake ragewa a hankali cikin 'yan kwanaki, tare da sinadarin thiamine (bitamin B1) da isasshen ruwa, ƙarƙashin kulawar likita.

Kwanakin farko su ne mafi haɗari wajen kashe kai, musamman ga mai jiran shari'a. Yawanci da rataya ne, da dare, lokacin da mutum yake shi kaɗai. Don haka wanda ake zargin yana cikin haɗari ba a ware shi. A sa shi da abokin zama mai natsuwa, a cire duk abin da za a iya ɗaura tsumma a jikinsa, a riƙa leƙa shi ba tare da an wuce minti 15 ba, kuma ba a kan lokaci guda ba, don kada ya haddace sawun mai gadi.

Sai magani, inda kuskure ya fi yawa. Fluoxetine, maganin ciwon damuwa da ake farawa da miligiram 20 a rana, ba ya nuna aiki sai bayan mako biyu zuwa huɗu. Idan ba a gaya wa mara lafiya haka ba, a kwana na biyar zai ce ba ya yi, ya watsar. Amitriptyline, shi ma na ciwon damuwa, yana da araha, amma idan aka tara shi aka sha lokaci guda yana tsayar da zuciya, don haka a ba da shi ɗaya-ɗaya, a ga an haɗiye. Haloperidol kuma, maganin taɓin hankali, yana iya sandare jiki, wuya ya karkace, yawu ya riƙa zuba. Sau nawa ake hukunta mutum don ya ƙi fitowa layi, alhali maganin ne ya ɗaure shi? Rage maganin ake buƙata, ko maganin da ke warware sandarewar. Wanda ke yawan ƙin sha, akwai allura mai daɗewa a jiki, ta mako biyu zuwa huɗu, bayan an yi masa bayani ya yarda.

Kullen kaɗaici, a ma'anar ƙa'idojin Mandela, shi ne tsare mutum awa 22 ko fiye a rana ba tare da mu'amala ta gaske da mutane ba. Idan ya wuce kwana 15 a jere, an hana. An kuma hana shi ga mai larurar ƙwaƙwalwa idan zai tsananta masa ciwon, kuma a ganina da wuya a sami wanda ba zai tsananta wa ba.

Karatu da koyon sana'a ba alfarma ba ce. Cibiyar RAND ta Amurka ta nuna a 2013 cewa waɗanda suka yi karatu a tsare sun fi ƙarancin komawa gidan yari. Amma wanda ke jin muryoyi a kunnensa ba zai zauna a aji ba, sai an fara yi masa magani.

Ranar saki kowa murna yake yi, ita ce kuma ake sakaci da ita. Wani bincike a jihar Washinton ta Amurka da aka buga a 2007 ya gano cewa a mako biyun farko bayan fita, haɗarin mutuwa ta shan ƙwaya fiye da kima ya ninka na sauran jama'a sau 129. Dalili a fili yake: jiki ya manta da ƙwayar, mutum kuma ya koma kan adadin da ya saba sha a da. A faɗa masa wannan baki da baki. A haɗa shi da maganin da zai kai shi ranar ganin likita, da takarda mai ɗauke da sunan ciwon da adadin maganin, da ranar zuwa asibiti da aka riga aka tsayar. Idan ya amince, a kira wani daga cikin danginsa tun kafin ranar, a nuna masa alamomin dawowar ciwon, wanda galibi rashin barci ne ke fara bayyana shi.