Ina ɗan majalisarku yake da ta cewa a kasafin kuɗi da gyaran tsarin mulki?

Jama'a, assalamu alaikum. Jihar Katsina na da sanatoci 3, na shiyyar Daura da na Katsina da na Funtuwa, da 'yan majalisar wakilai 15 a Abuja, sai mutum 34 a majalisar dokokin jiha. Duk ranar da ɗayansu ya miƙe ya yi jawabi kan kasafin kuɗi, kafin la'asar bidiyon ya zagaye WhatsApp. To, wannan jawabin me yake canzawa?

Sashe na 81 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa shugaban ƙasa gabatar da kasafin. Jawabin da kuke gani a karatu na biyu ake yin sa, inda ake muhawara kan manufar kasafin gaba ɗaya, kowa da 'yan mintocinsa. Ko naira ɗaya ba ta motsawa a wannan zama. Wanda ya san aikinsa ba ya ɓata mintocin wajen yabon shugaba. Ginshiƙan yake taɓawa: nawa aka ƙiyasta gangar mai, ganga nawa za a haƙo a rana, nawa ne canjin dala, nawa ne giɓi, nawa bashi zai ci. A kasafin 2024 an sa ganga a dala 77.96, da ganga miliyan 1.78 a kullum. Idan ƙiyasi ya fi ƙarfin abin da zai shigo, albashi ba ya jira, bashi ma ba ya jira. Manyan ayyuka ake yanka: hanya, madatsar ruwa, asibiti. Shi ya sa za ku ga aiki a takarda shekara uku, a ƙasa ko bulo babu.

Kuɗi a kwamiti suke motsawa. Can ministoci da shugabannin hukumomi ke zuwa kare kasafinsu, can ake ƙari da ragi, kafin kwamitin kasafi ya haɗa rahoto. Na 2024 ya shiga majalisa yana naira tiriliyan 27.5, ya fito yana 28.7. Tambayar da ta fi tsada a ɗakin nan gajeriya ce: na bara nawa aka sakar muku, ina kuka kai su? Wakilin da ba ya zaman kwamiti, komai daɗin bakinsa a zaure, an gama rabo ba ya nan.

Idan majalisun biyu sun saɓa, kwamitin haɗin gwiwa ke daidaita su. Shugaba na da kwana 30 ya sa hannu. In kasafi ya makara, sashe na 82 ya ba shi damar ci gaba da kashe kuɗi har wata 6.

Gyaran tsarin mulki kuwa lissafi ne zalla. Sashe na 9 na neman kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan majalisa, ba na waɗanda suka halarta kawai ba: sanatoci 73 cikin 109, wakilai 240 cikin 360. Ku riƙe wannan da kyau. Wanda ya yi zamansa a gida ranar ƙuri'a daidai yake da wanda ya ce a'a. In kuma gyaran ya shafi babi na 4, na haƙƙin ɗan'adam, kashi huɗu cikin biyar ake nema, wato 88 da 288.

Mu a nan mun ga aikinsa. Da marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ya tafi jinya Saudiyya a Nuwamba 2009 bai miƙa wa majalisa wasiƙar bar wa mataimakinsa riƙo ba, ƙasa ta yi wata da watanni cikin ruɗu. A 2010 aka gyara sashe na 145: bayan kwana 21, majalisa na iya sa mataimaki ya riƙe. A Mayu 2018 Muhammadu Buhari ya sa hannu kan rage shekarun takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. A Maris 2023 ya sa hannu kan gyare-gyare 16, ciki har da ba jihohi ikon shiga harkar lantarki da jirgin ƙasa.

Akwai matakin da masu ɗaukar bidiyo ba su cika zuwa ba. Bayan Abuja, sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince, kuma ba su da ikon taɓa ko harafi, e ne ko a'a. A nan ƙudurin 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya kwanta a zagayen 2023, duk da ya tsallake Abuja, har sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a Yuli 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ƙuri'ar jihar Katsina a irin wannan mataki a hannun mutum 34 ɗin nan take, ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma.