Halitta Daga Babu: Abin da Kiristoci Ke Nufi Idan Suka Ce Allah Ne Mahalicci

[Hoto: wayar hannu, ana duba saƙonnin WhatsApp]

Jama'a masu kallonmu, barkanku da warhaka. A ƴan kwanakin nan wata muhawara ta yi zafi a zaurukan WhatsApp na matasan Maraɗi, musamman tsakanin ɗalibai, kuma ra'ayoyi biyu ne ke karo da juna a cikinta. Ɓangare ɗaya na cewa tunda masana kimiyya sun gano sararin samaniya ya faro ne daga Babbar Fashewa kimanin shekaru biliyan 13.8 da suka wuce, to labarin halitta da Kiristoci ke karantawa a Littafin Farawa, wato littafi na farko a Littafi Mai Tsarki, ya rushe. Ɗaya ɓangaren kuma na cewa wannan fashewa ita ce hujjar da ta tabbatar da Littafin Farawa, domin ga shi kimiyya da bakinta ta amsa cewa duniya tana da mafari. A ganina dukansu biyu kuskure guda suke yi, kuma kuskuren yana wurin fahimtar abin da Kirista yake nufi idan ya ce Allah ya halicci duniya.

[Hoto: masu sujada a tsaye a wata majami'a ranar Lahadi]

Bari mu fara da abin da babu saɓani a kansa. A majami'u da yawa, daga na Katolika har na Furotestan, masu bi sukan miƙe su furta cewa sun ba da gaskiya ga Allah Uba Mai Iko Duka, Mahaliccin sama da ƙasa. Shaidar bangaskiyar da aka tsara a taron shugabannin Kirista na garin Nikiya a shekara ta 325, aka kuma faɗaɗa ta a Kustantiniya a 381, ta ce shi ne mai yin dukan abubuwa, waɗanda ake gani da waɗanda ba a gani. Aya ta farko a Littafi Mai Tsarki ita ma da wannan ta buɗe, cewa tun da fari Allah ya halicci sammai da ƙasa. Bisharar Yohanna ta ce ta wurin wanda ta kira Kalma aka yi kome, kuma Kiristoci sun fahimci wannan a kan Almasihu, amma ba su taɓa ɗaukarsa da ma'anar cewa akwai mahalicci fiye da ɗaya ba. Mahalicci ɗaya ne a koyarwarsu, kuma bayanin Triniti, wato koyarwar Allah ɗaya Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, yana bukatar nasa bidiyon.

Yanzu ga inda ake zamewa.

[Hoto na kusa: hannuwan wata maginiyar tukwane cikin jiƙaƙƙen yumɓu]

Ku dubi hannuwan wannan uwa tamu. Kafin ta zauna nan, sai da aka je aka haƙo yumɓu, aka jiƙa shi, aka tattaka shi har ya yi laushi. Tana naɗa shi, tana shafar bakin tulun da jiƙaƙƙen ƙyalle, za ta shanya shi a inuwa, daga baya ta gasa shi da kara da kashin shanu. Abubuwa biyu nake so ku riƙe game da aikinta. Na farko, ba ita ta yi yumɓun ba, ta same shi ne ta ba shi siffa, kuma idan ya zo da tsakuwa dole ta yi aiki gwargwadon abin da ya yarda. Na biyu, da zarar tulun ya fito daga wuta ba ya bukatarta kuma, zai iya shekara da shekaru yana sanyaya ruwa a wani gida ko bayan ranta.

Mafi yawanmu, idan muka ji an ce Allah ya halicci duniya, hoton wannan maginiya ne ke zuwa mana a rai, sai dai mu ƙara mata girma da iko. Muna ɗauka cewa a wani lokaci can baya Allah ya zauna ya ƙera duniya, ya gama, ya ajiye. Koyarwar Kirista ta ƙi wannan hoton ta fuskokin nan biyu duka, kuma duk wanda bai ga haka ba zai daɗe yana gardama a kan abin da ba a faɗa ba.

Fuska ta farko ita ce batun yumɓu. A tsakanin masanan Girka na dā akwai ra'ayi mai ƙarfi, wanda ake dangantawa da Aflatun, cewa wani gwanin maƙeri ne ya tarar da abu a hargitse tun fil'azal, ya tsara shi ya zama duniya. Malaman ikkilisiya na ƙarni na 2 sun fuskanci wannan ra'ayi suka ƙi shi. Tiyofilus na Antakiya da Ireniyus na Liyon, dukansu wajen shekara ta 180, sun dage cewa Allah bai tarar da kome ba, domin idan akwai wani abu da yake nan tun fil'azal ba tare da an halicce shi ba, to abin nan ya zama kishiyar Allah, kuma ikon Allah ya samu iyaka. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura 11 aya 3, ta ce abin da ake gani ba daga abubuwan da ake gani aka yi shi ba. A shekara ta 1215 taron Lateran na huɗu a Roma ya rubuta shi a fili cewa daga babu Allah ya yi halitta ta ruhu da ta jiki. Ƴan'uwanmu Musulmi ba za su ji wannan baƙo a kunnensu ba, domin su ma sun san cewa idan Allah ya nufi abu sai ya ce masa kasance, sai ya kasance.

To amma a kula, babu ɗin nan ba wani fili ne mai duhu da Allah ya cika da taurari ba. Fili ma halitta ne, lokaci ma halitta ne. Agustin, bishop na Hippo, garin da yake Annaba a Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya yi dogon nazari a kan tambayar da yara ke yi har gobe, wato me Allah yake yi kafin ya halicci duniya. Amsarsa ita ce an halicci duniya tare da lokaci, ba a cikin wani lokaci da ya riga ya kasance ba, saboda haka kalmar kafin ba ta da wurin zama a nan. Ina yawan mamakin yadda wani ɗan Afirka ya kai ga wannan tunani shekaru sama da 1,500 da suka wuce, ba shi da na'urar hangen nesa, ba shi da kwamfuta.

[Hoto: gonar hatsi a gefen Gulbin Maraɗi, hadari yana haɗuwa]

Fuska ta biyu ita ce ta fi muhimmanci ga muhawarar da ake yi, kuma ita aka fi mantawa. A koyarwar Kirista duniya ba ta taɓa tsayawa da ƙafarta ba. Bukatar da take da ita ga Allah a wannan daƙiƙa da kuke kallona daidai take da bukatarta a daƙiƙar farko. Wasiƙa zuwa ga Kolosiyawa, sura 1 aya 17, ta ce a cikin Almasihu dukan abubuwa suke riƙe. Manzo Bulus kuma ya gaya wa mutanen Atina cewa a cikin Allah muke rayuwa, muke motsi, muke kasancewa. Da Allah zai janye nufinsa, ba wai duniya za ta lalace sannu a hankali kamar gidan da aka bari ba gyara ba ne, kome da kome zai daina kasancewa ne ɗungurungum.

Saboda haka tambayar da koyarwar halitta take amsawa ita ce, me ya sa akwai wani abu maimakon babu, kuma me yake riƙe da shi. Tambayar da kimiyya take amsawa kuwa ita ce, ta yaya wannan yanayi ya fito daga wanda ya gabace shi. Manomi Kirista a ƙauyukan Tsibiri ko Madarunfa yana sauraron hasashen damina a rediyo, ya san iskar da ke tasowa daga teku ta kudu ita ke kawo danshi har hadari ya haɗu, kuma da yamma yana durƙusawa ya roƙi Allah ruwa, idan aka yi ruwan ya yi godiya. Bai taɓa jin cewa bayanin masu hasashe ya kori Allah daga gonarsa ba. Abin da ya yarda da shi game da ruwan sama, shi ne koyarwar take faɗa game da sararin samaniya baki ɗaya.

Toma Akwinas, babban malamin Katolika na ƙarni na 13, ya kai wannan magana inda za ta ba ɓangare na biyu na muhawararmu mamaki. Ya ce hankali kaɗai ba zai iya tabbatar da cewa duniya tana da mafari a lokaci ba, ta wurin wahayi ne Kirista ya san haka, kuma ko da a ce duniya ba ta da ranar farawa, da har yanzu halitta ce, domin kasancewarta ba daga kanta take ba. Wannan kuma shi ne amsar tambayar nan ta wa ya halicci Allah. Koyarwar ba ta ce kowane abu yana da mahalicci ba, ta ce duk abin da kasancewarsa aro ce yana bukatar mai ba shi, kuma Allah shi ne wanda bai ari kasancewa daga kowa ba.

[Hoto: tsohon hoton wani mutum sanye da baƙar rigar fada a gaban allo]

Wannan mutum da kuke gani sunansa Georges Lemaître, ɗan ƙasar Beljiyam, fada ne na Katolika kuma malamin kimiyya a jami'ar Luven. A shekara ta 1927 ya nuna ta hanyar lissafi cewa sararin samaniya yana buɗewa, a 1931 kuma ya kawo ra'ayin cewa kome ya faro ne daga wani yanayi mai tsananin matsi. Ma'ana, ra'ayin da ake cewa ya rushe bangaskiyar Kirista, wani limamin Kirista ne kan gaba wajen kawo shi. Wasu masana, irin su Fred Hoyle na Ingila, sun daɗe suna ƙin sa, suna goyon bayan ra'ayin cewa sararin samaniya ba shi da farko, sai da Penzias da Wilson a Amurka suka bayyana a 1965 cewa sun gano ragowar ɗumin wancan yanayi na farko, sannan galibin masana suka karɓa.

Ga kuma abin da masu neman hujja ya kamata su ji. A shekara ta 1951 Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi inda ya nuna kamar wannan bincike yana mara wa labarin halitta baya. Lemaître bai ji daɗin haka ba, kuma matsayinsa shi ne a bar ra'ayin kimiyya a fagensa, kada a mai da shi hujjar addini. Ina ganin ya yi daidai, domin kimiyya tana gyara kanta kullum, kuma wanda ya jingina bangaskiyarsa da wani sakamakon bincike zai shiga ruɗu ranar da aka sake duba sakamakon.

[Hoto: shafin farko na Littafin Farawa da Hausa]

Saura batun kwana shida da Littafin Farawa ya ce an yi halitta a cikinsu, kuma a nan gaskiya ita ce Kiristoci ba su da baki ɗaya. Akwai masu bi da yawa, har a nan garinmu, da suka ɗauke su kwanaki na sa'o'i 24, kuma wasu a cikinsu suna bin lissafi irin na Akbishop James Ussher na Ailan, wanda a shekara ta 1650 ya ƙirga zuriyoyin da ke cikin Littafi ya ce an yi halitta shekaru 4004 kafin haihuwar Almasihu. Wasu na ganin kwanakin dogayen zamanai ne. Wasu kuma na ganin tsari ne na koyarwa, inda kwana uku na farko aka shirya wurare, wato haske da duhu, sama da teku, da busasshiyar ƙasa, kwana uku na biyu kuma aka cika su da mazauna. Wannan saɓani ya girmi kimiyyar zamani nesa ba kusa ba. Orijen na Iskandariya a ƙarni na 3 ya riga ya lura cewa ba a yi rana da wata ba sai a kwana na huɗu, ya kuma tambaya yaya za a fahimci safiya da maraice na kwanaki ukun farko. Agustin shi ma ya karkata ga cewa Allah ya halicci kome a lokaci guda.

Duk da haka, da mai kwana shida na zahiri da mai dogayen zamanai suna tsayawa a sahu ɗaya ranar Lahadi su furta shaida ɗaya. Sun yarda cewa rana da wata fitilu ne da aka rataya domin amfani, abin da ya zama magana mai nauyi a zamanin da maƙwabtan Isra'ila irin su Babila da Masar suke yi musu sujada. Sun yarda cewa duniyar nan ta ƙasa da ruwa da jiki aba ce mai kyau, kamar yadda sura ta farko ta Littafin Farawa take ta maimaitawa, kuma saboda wannan ne ikkilisiya ta ƙi koyarwar Markiyon a ƙarni na 2, wanda ya ce wani ƙaramin allah dabam ne ya yi duniya. Sun kuma yarda cewa an sa mutum a gona domin ya nome ta ya kiyaye ta, kamar yadda sura ta biyu ta faɗa.

[Hoto: itatuwan gawo a tsakiyar gona]

Da yawa daga cikinku sun turo tambaya a kan Adamu da Hawwa'u da abin da masana ke faɗa game da asalin ɗan Adam. Wannan batu yana da nasa wahalhalun, kuma saɓanin Kiristoci a kansa ya fi na kwana shida zafi, don haka shi za mu ɗauka a bidiyo na gaba idan Allah ya kai mu.