Yadda ƙwayar HIV ke ɓuya a ƙwaƙwalwa ko ana shan magani

Assalamu alaikum jama'ar Katsina da Daura da kewaye. Akwai tambayar da masu karɓar maganin HIV ke yawan yi a asibiti: an auna jinina, an ce ba a ga ƙwayar cutar ba, to don me zan ci gaba da shan magani? Amsar tana cikin wani fannin ilimi da ake kira efijenetik, sunan da masanin Birtaniya Conrad Waddington ya raɗa masa a 1942.

Kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinka tana ɗauke da zaren gado, wato DNA, mai tsawon kusan mita 2. Zaren da ke ƙwayar fata shi ne a ƙwayar ƙwaƙwalwa, bambancin kawai wane sashe aka buɗe, wane aka rufe. Ka dubi tabarma: inda aka shimfiɗa ana ganin zanenta, inda aka naɗe kuwa zanen yana nan amma ba mai ganinsa. Zaren yana naɗe ne jikin wasu sinadarai da ake kira histon. In jiki ya liƙa musu alamar asetil sai naɗin ya saki, a karanta abin da ke wurin. In an cire ta, ko aka ɗora alamar metil a kan zaren, sai wurin ya rufe. Rubutun gadon kansa bai canza ba. Nazarin wannan buɗewa da rufewa shi ne efijenetik.

Da wannan HIV ke cin moriya. In ta shiga ƙwayar garkuwar jiki, sai ta dasa nata rubutun cikin zaren mutum. A wasu ƙwayoyin, jiki da kansa yake naɗe wurin, cutar ta kwanta shiru. Garkuwar jiki ba ta ganinta, magani kuma bai taɓa ta, domin aikinsa tare cutar da ke hayayyafa ne. A 1997 masu bincike a Amurka suka tabbatar da wannan maɓoya, daga baya kuma aka lissafa cewa sai an yi kimanin wata 44 kafin rabinta ya ragu. Da magani kaɗai, ƙarewarta za ta ɗauki fiye da shekara 70. Shi ya sa wanda ya ajiye magani, yawanci cikin 'yan makonni cutar ke dawowa jininsa.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwaƙwalwa. Cutar na isa can tun makonnin farko na kamuwa, a cikin fararen ƙwayoyin jini da ke tsallaka shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Sai ta zauna cikin maikurogiliya, ƙwayoyin da ke gadin ƙwaƙwalwa, masu tsawon rai. Ba ta kama jijiyoyin tunani kai tsaye. Amma barcin nata ba cikakke ba ne: tana ɗan fitar da sinadarai irin su Tat, masu gadin kuma su harzuƙa su tayar da kumburi, kumburin ya riƙa cin jijiyoyin a hankali. Mutum ya fara mantuwa, lissafin ciniki ya yi masa nauyi, hannu ya rage sauri wurin aiki, ko ya janye daga mutane. Wani babban bincike a Amurka mai suna CHARTER ya samu a 2010 cewa kusan rabin masu cutar da aka gwada suna da wani rauni na tunani, mafi yawa mara tsanani. Mummunan gushewar hankali da aka sani a da ya ragu ƙwarai tun da aka fara ba da magungunan HIV iri-iri a haɗe a 1996.

Alamomin metil ɗin nan har shekaru ake ƙirgawa da su. A 2015 Steve Horvath da Andrew Levine suka nuna cewa jinin masu HIV ya girmi shekarunsu da kimanin shekara 5, ƙwaƙwalwa kuma da kimanin 7.

Masana na bin hanya biyu. Wasu na son a tashi cutar daga barci a kashe ta. A 2012 an gwada maganin ciwon daji mai suna vorinostat, ya tashe ta, amma maɓoyar ba ta ragu yadda ake so ba, kuma tashinta a ƙwaƙwalwa na iya ƙara kumburi. Wasu kuma na neman yadda za a ƙulle ta har abada. Duka biyun suna matakin bincike, don haka duk mai sayar da maganin warkewa yau, yaudara yake yi.

Binciken ƙasa kan HIV na 2018 ya sa Katsina cikin jihohi mafi ƙarancin cutar, kimanin mutum 3 cikin 1,000. Alhamdulillahi. Sai dai inda masu ciwo ba su da yawa, ɓoyo ya fi tsanani, kuma in ɗan uwa ya fara mantuwa ko sauyin hali, sai a ce iska ce ko sammu, a yi ta yawo da shi. A kai shi asibiti. Likita zai auna yawan ƙwayar cutar a jini, ya duba ko sanƙarau ne, ko tarin fuka, ko tunjere, ko ciwon damuwa, ko ma wani maganin ne bai karɓe shi ba, a canza masa. Maganin HIV kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati da ke da sashen.